Tambaya da Amsa: Baba yana son ya yi wakafin shago

Tambaya: Salam Malam, daga Aboabo nake a Kumasi. Babanmu ya tsufa, kullum yana cewa shagonsa ɗaya na makarantar allo ne bayan ransa, sauran a raba yadda addini ya ce, amma ko takarda ɗaya bai rubuta ba. Maganar baki ta isa?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Gaskiya kar ku dogara da ita, ku lallaɓa Baba ya rubuta tun yana da lafiyarsa. A Gana wanda ya rasu ba wasiyya, dokar gado ta 1985, wadda ake kira PNDCL 111, ita kotu za ta bi ko da Musulmi ne, kuma rabonta daban yake da na Musulunci, nan ne rigima ke tashi tsakanin 'yan uba. Dokar wasiyya ta 1971 tana son a rubuta, ya sa hannu gaban shaidu biyu a zama ɗaya, kuma kar a sa mai cin gadon cikin shaidun. A addini kuma wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, to a kimanta shagon tukun. In ya fi haka ya yi wakafin yanzu da ransa, ku je da malami da lauya tare, a rubuta sunan wanda zai riƙa karɓar kuɗin haya.