Amsa ga 'yar'uwar da ke son daina sayar da ƙwan gidan gona

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da gabana ya faɗi, domin ramin da kike leƙawa na taɓa afkawa cikinsa. Kin ce kin ga kaji cunkushe a keji, ko juyawa ba sa iya yi, shi ne kike son ki koma sayar da ƙwan kajin Hausa zalla a shagonki. Wallahi tausayin nan gaskiya ne, ni ma shi ya ɗebe ni bara waccan.

To amma ina za ki samo ƙwan? Kazar Hausa ta saka sha biyu ko sha uku sai ta hau kwanci, kwana 21 tana kai, sannan ta shiga yawo da 'yan tsaki. A shekara da ƙyar ki ga 60, ta gidan gona kuwa tana doshin 300. Mai shayin layinmu kiret biyu yake ɗauka kullum, abin da kaza ɗaya za ta shekara tana tarawa. Sati biyu ya yi min haƙuri ya koma wani shagon, har yau bai dawo ba.

Wannan ma da sauƙi. Wani mutum ne yake haɗo min ƙwan daga kasuwar ƙauye, kullum da rantsuwa a bakinsa cewa sabo ne. Ashe har wanda aka janye daga ƙarƙashin kaza yake haɗawa. Ana tsakiyar zafin bazara maƙwabciyata ta sayi shida, za ta soya wa mahaifiyarta da aka sallamo daga asibiti. Ba a jima ba sai ga ta da kwano, shago cike da mutane. Ɗaya baragurbi, warinsa har titi, ɗaya kuma jini da ɗan tsako ya fara haɗuwa. Ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Hajiya, ke ce da wannan?" Gara a ce mari na ta yi. Na rufe shago na shiga ɗaki na yi ta kuka. Da na tare mai kawo min ƙwan ranar kasuwa, buɗar bakinsa sai ya ce ai ba shi ya saka ƙwan ba. Shekara guda ina ba mutumin nan kuɗi tun kafin ya kawo kaya! Har abinci nake zuba masa. Na bar shi da Allah.

Don haka ki riƙa sayar da duka biyun, na gidan gona da na Hausa. Na Hausan kaɗan-kaɗan, daga gidan da kika sani, domin ƙwan da zakara ya taka ba ya jure zafi. Ki riƙa gwada shi a ruwa, wanda ya taso sama ki yar. Da damina ki nemi na zabi, ɓawonsa da kauri, yana daɗewa. Turawan da ake misali da su, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana ƙuntataccen kejin nan tun 2012, amma ai kajin gidan gona ne dai suka ba wa sarari. Mu ma akwai masu kiwo a ƙasa, ba keji, ki je da ƙafarki ki gani kafin ki ƙulla ciniki.

In kuma da fili a gidanki ki zuba noila, wato ingantattun kajin nan da ake kiwo don ƙwai da nama, ni su na koma yi. Ki dai tabbata an yi musu rigakafi kafin hunturu, akwai na cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato, don sanyin bara ya kwashe min tara cikin kwana uku.