Ƙanina ya ce shi mace ne, Inna kuma tana jiranmu a Gusau

Wata baiwar Allah 'yar Gusau mai aikin jinya a Ingila ta rubuto mini. Ƙaninta da ya biyo ta karatu ya shaida mata cewa tun yana yaro a matsayin mace yake jin kansa, har ya zaɓi sunan mata. Inna tana ta kira su zo Babbar Sallah. Mai wasiƙar ta ce: "Anti, in gaya wa Inna ko in yi shiru?"

Ɗiyata, ki yi shiru. Amana ya ba ki, kuma shi kaɗai zai zaɓi ranar da za ta fita, in ma za ta fita. Kin san gidajenmu: Inna ta ji, kawu ya ji, kafin la'asar an nemo mai ruƙiyya, kafin wata an fara zancen a yi masa aure "ya warke". Aure irin wannan 'yar mutane ake zalunta a ciki.

Zuwa Sallar nan ku ɗage shi. Zamfara ce ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999, ga Hisba, tsohuwar dokar Penal Code ta Arewa tana hukunta namiji da ya fita cikin shigar mata, ga kuma dokar 2014 mai ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, wadda mutanen unguwa ba sa tsayawa bambance ta da lamarin ƙaninki. Hoto ɗaya a WhatsApp ya isa. Ki ce wa Inna karatu ya riƙe shi, wanda ba ƙarya ba ne, ku aika kuɗin rago.

Takardu kuwa, kada ya taɓa komai tukuna. Bizarsa ta karatu tana rataye da fasfonsa na Najeriya, fasfon kuma da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma Najeriya ba za ta sauya masa jinsi a ciki ba. Suna daban a banki, daban a biza, wahala ce. In wani ya kawo zancen neman mafaka, a fara ganin lauya mai rajista, domin wanda aka ba mafaka ya yi sallama da zuwa gida, ko da Inna ce ke kwance.

Na lura duk wasiƙarki "shi" kike cewa, na kuwa bi bakinki. Hausa ba ta barin mutum ya ɓuya: ko "ka" ko "ki", dole ki ɗauki ɗaya kafin ki ce a zo a ci tuwo. Ki tambaye shi wanne yake so ku biyu a ɗaki. In bakinki ya kasa yau, ki faɗa masa gaskiya, ki ce kina ƙoƙari.

Na san addini na cin zuciyarki, ba kuma zan yi miki fatawa ba, ba fagena ba ne. Sai dai babu malamin da zai ce ki yanke zumunci da wanda kuka sha nono ɗaya. Ki lura ko yana barci, ko yana cin abinci. In ya fara zancen gajiya da rayuwa, ki raka shi wurin likitansa a ranar, ke ma ma'aikaciyar jinya ce, kin san alamar.