Tambayoyinku: Rajista uku, kowacce da bakinta

Tambaya: Malam, ni ne sakataren wata ƙungiyar manoma a Dukku. Muna da rajistar mambobi guda uku a Excel, sun saɓa wa juna. Na bi kowane layin tsaye ina ɗaukar abin da biyu suka yarda da shi, sai ga mutanen Dukku a jihar Bauchi. Ina na kauce?

Amsa: Sakatare, ka mayar da Dukku Bauchi ba da sanin majalisa ba! Tun 1996 aka cire Gombe daga Bauchi, da alama rajistarka biyu daga tsohon littafi ɗaya aka kwafo su. Wanda ya kwafa ba shaida ba ne, ƙuri'arsu ɗaya ce. Kuskure iri ɗaya wajen rubuta suna shi ke tona asirin kwafe.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne wannan kaɗa ƙuri'a layi-layi. Gunduma ce ke nuna ƙaramar hukuma, ita kuma ta nuna jiha. Idan ka raba su, za ka haɗa adireshin da babu shi a ƙasa. Ka haɗa gunduma da ƙaramar hukuma da jiha a gurbi ɗaya, ka ƙirga da COUNTIFS (umarnin Excel mai ƙirga layukan da suka dace da sharaɗi) a kan lambar wayar mamba. Ka buɗe wani shafi mai ƙananan hukumomin Gombe 11 da na Bauchi 20, VLOOKUP (umarnin Excel mai nemo bayani daga wani shafi) ya riƙa cike jiha da kansa. In za ka faɗaɗa zuwa duka ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, ka kula, akwai Bassa a Filato, akwai a Kogi. Shekaru ma kada ka yi musu ƙuri'a, lissafa su daga ranar haihuwa, ka duba kada Excel ya juya 03/04 ya zama 4 ga Maris. Layin lambar waya ka mai da shi Text kafin ka liƙa, in ba haka ba sifilin farko ya tafi. Inda rajistocin ukun suka rabu uku, kira mutumin ka tambaye shi.

Tambaya: Sunan mutum ɗaya ya fito sau huɗu a wayata. Daga wata 'yar kasuwa a Azare.

Amsa: Hajiya, kina adanawa a SIM da waya da Gmail lokaci guda. Tsaya a Gmail, ki taɓa Merge & fix a Google Contacts.

Tambaya: Lambar 0803 ce, na tura katin MTN bai shiga ba.

Amsa: Tun 2013 ake sauya kamfani da tsohuwar lamba. Tambayi mai layin tukuna.