Amsa ga mai neman fili kusa da tashar lantarki a Daura

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko sayen fili kusa da tashar lantarki ta Daura zai sa ka fi mazauna cikin gari samun wuta. Na daɗe ina aikin wayarin a garin nan, kuma abin da na gani shi ne maƙwabtaka da tasha ba ta ba mutum wuta.

Tashar ta kamfanin TCN ce, mai dakon wutar lantarki a faɗin ƙasa, wutar kuma tana iso mata ne daga Katsina a kan layin kilobolt 132, bayan ta taso daga Kumbotso a Kano ta biyo ta Kankiya. A nan ake sauke ƙarfinta zuwa kilobolt 33, sannan kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya karɓa ya raba ta kan layukan da muke kira fida, har ta kai taransifomar unguwa. Saboda haka mai gida a bayan Rijiyar Kusugu ko daura da fadar Mai Martaba Sarki, duk da cunkoson tsofaffin unguwannin, yana iya kwana da wuta alhali wanda katangarsa ke kallon tashar yana cikin duhu, domin fidarsu ba ɗaya ba ce. Na taɓa yi wa wani bawan Allah wayarin a irin wannan wuri. Da dare yana jin ƙugin manyan taransifomomi daga tsakar gidansa, amma da fitilar caji yaransa suke karatu.

Kafin ka biya ko sisi, ka tambayi maƙwabta wace fida ke ba su wuta, a wane rukunin samun wuta (band) take, tunda rukunin A ne aka ɗora wa awa 20 a rana kuma kuɗinsa ya fi tsada, sannan ka duba yawan gidajen da ke rataye a kan taransifomarsu.

Abin da na fi jin tsoro shi ne filayen da dillalai ke karyar wa farashi a ƙarƙashin manyan wayoyi. Doka ta keɓe mita 30 ga layin kilobolt 132, wato 15 ta kowane gefe, kuma ginin da ya shiga ciki ana iya rushe shi. Idan da hali, ka zagaya ta hanyar Kano da ta Kwangwalam ka kwatanta farashi, ka kuma tafi da ma'auni duk ranar da za a nuna maka iyakar filin.