Muryata Ta Dushe, Me Zan Sha?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, shekarata 34, kuma shekara tara ke nan ina koyarwa. Yau kusan mako shida muryata a dushe take. Da safe takan ɗan washe, amma kafin a tashi daga makaranta sai ta koma kamar ta mai mura, ga kuma wani abu da nake ji ya tokare mini maƙogwaro. Na sha abubuwa masu ɗumi, na tsotsi alewar maƙogwaro, na sha antibayotik har sau biyu, a gida kuma raɗa nake yi domin muryar ta huta. Don Allah me zan sha ta dawo? Daga wata malama.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Zan fara da abin da wataƙila ba shi kike son ji ba, wato babu abin shan da zai dawo miki da murya kai tsaye, domin abin da mutum ya haɗiya ba ya bi ta inda murya take fitowa. A cikin maƙogwaro, a bakin hanyar iska, akwai wasu tantani guda biyu da tsawon kowannensu bai wuce santimita biyu da rabi ba, waɗanda malaman ilimin furuci suke kira tantanin maƙwallato. Idan za a yi magana sai su matso juna, iskar huhu ta ratsa tsakaninsu ta kaɗa su. A duk daƙiƙa ɗaya, na mace suna haɗuwa su rabu kimanin sau 200, na namiji kuma sau 100 da 'yan kai. Lokacin haɗiya kuwa ƙofar iskar rufewa take yi, abin sha ya wuce ta bayanta zuwa ciki, in ba haka ba da kullum sai mun ƙware. Ruwa yana da amfani ƙwarai, amma sai ya shiga jini tukuna sannan ya tsinka majinar da take lulluɓe da tantanin, saboda haka kurɓa kaɗan-kaɗan tun daga safe ya fi a kwankwaɗi kofi uku bayan murya ta riga ta shaƙe.

Yadda kika ce muryar tana washewa da safe ta lalace da rana, alama ce ta gajiyar aiki. Ki lissafa sau 200 a daƙiƙa, a awa biyar ko shida na koyarwa, kwana biyar a mako, har shekara tara. Kamar yadda hannun mai aikin ƙarfi yake yin kanta, haka gefen tantanin yake kumbura a daidai wurin da suke bugun juna, daga baya ya yi 'yan ƙulli, galibi ɗaya a kowane ɓangare, sai su kasa rufewa ruf, iska ta riƙa zurarewa, muryar ta fito a dishe. Hayaniyar aji tana ƙara wa abin muni. Tun a 1911 wani likitan kunne da maƙogwaro ɗan Faransa, Étienne Lombard, ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba tare da ya sani ba idan akwai ƙara a kusa da shi, kuma babu malamin da zai yi musun wannan.

Raɗar da kike yi ki daina ta daga yau. Mutane da yawa idan suna raɗa matse maƙogwaro suke yi, iska kuma ta ƙara busar da shi, don haka ba hutu ba ce. Ko dai ki yi shiru, ko ki yi magana a hankali da muryarki ta asali kamar wanda kike wa maganar yana zaune kusa da ke. Haka ma yawan gyaran murya, domin duk "ehem" ɗin da kika yi buga tantanin kike yi da ƙarfi, su kumbura, ki sake jin abu ya tokare, ki sake yi. Idan abin ya taso, ki haɗiyi yawu ko ki kurɓi ruwa. Antibayotik kuwa ba ya maganin gajiyar murya, ba ya kuma maganin dushewar da mura take kawowa, tunda yawancinta ƙwayar bairos ce. Alewar maƙogwaro mai sanyaya baki tana ɓoye zafin ne kawai, har ta sa mutum ya ci gaba da surutu a lokacin da ya kamata ya tsagaita.

A cikin aji, ki nemi wata alama ta tsayar da surutun yara, kamar tafi ko ƙararrawa, ki matsa kusa da ɗalibin da kike wa magana maimakon ki ƙwala masa kira daga gaban allo, ki kuma tsara darasin yadda bayan kowane bayani za a samu mintunan da yara suke rubutu ke kuma kina shiru. Idan kin samu ƙaramin makirfo irin wanda ake ratayawa, ki yi amfani da shi ba tare da jin nauyi ba. A ganina ya fi duk wani magani da za ki saya. Kafin ki shiga aji, ki yi minti biyu ko uku kina fitar da sautin "mmm" baki a rufe, ko kina busa sauti ta tsinken shan lemo a cikin kofin ruwa, dabarar da masu gyaran murya suke koyarwa domin tana rage wa tantanin ƙarfin bugun. Surace da ruwan zafi zalla shi ma yana taimakawa, domin tururi, sabanin abin sha, yana isa wurin. Idan kina fama da ƙwannafi, ki bar tazarar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya, saboda ruwan ciki mai tsami yana iya hawowa ya ƙona maƙogwaro.

Duk da haka, mako shida ya yi yawa. Dushewar mura ba ta cika wuce mako biyu ba, kuma ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2018, ta ce a leƙa maƙogwaron duk wanda muryarsa ba ta gyaru ba cikin mako huɗu. Binciken ba abin tsoro ba ne. Wani malamin waƙa ɗan Sifaniya, Manuel García, da ɗan madubi da hasken rana ya ga nasa tantanin a 1854. Yanzu kuwa siririn bututu mai kyamara ake zurawa ta hanci, a gama cikin 'yan mintuna. Idan ƙullin ne, yawanci horon murya yana warkar da shi ba tare da tiyata ba.

Tambaya: Shekarata 55, ina shan taba tun ina saurayi. Wata biyu ke nan muryata ta yi kauri, amma ba na jin zafi ko kaɗan. Akwai damuwa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, rashin zafin kada ya kwantar maka da hankali. Hayaƙin taba yana kumbura tantanin murya har ta yi kauri, kuma shi ne babban sanadin ciwon dajin maƙogwaro, wanda sau da yawa dushewar murya ce alamarsa ta farko, tun kafin wani zafi ya bayyana. Idan aka gano shi a wannan mataki, akasari ana warkewa. Ka ga likitan maƙogwaro cikin makon nan, ka kuma faɗa masa idan kana da wahalar haɗiya, ko ƙulli a wuya, ko ciwon kunne ɗaya, ko jini a kaki, ko rama. Idan numfashi ya fara yi maka wuya ko yana ƙara, ka tafi asibiti a ranar, sannan ka nemi taimakonsu a kan barin tabar.