Tambaya da Amsa: Ko ɗanyen ɓarzajjen koko zai sauke mini hawan jini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 46, kuma shekara uku ke nan ina shan maganin hawan jini. Wata ƙawata ta kawo mini ƙwayar kokon da ake yin cakulan da ita, wadda aka ɓarza ɗanya, ba a gasa ba kuma ba a sa mata sukari ba. Ta ce tana sauke hawan jini, tana rage ƙiba, kuma ɗanyar ta fi gasasshiyar amfani nesa ba kusa ba. Kusan wata guda ke nan ina cin cikin tafin hannu kowane dare, sai dai na lura barci yana yi mini wuya. Shin gaskiya ne abin da ake faɗa, kuma zan iya rage maganina? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da ƙarshen tambayarki domin a nan ne haɗarin yake: kada ki rage ko ƙwaya ɗaya daga maganinki saboda wannan abin, sai dai idan likitan da ke duba ki ne ya rage miki bayan ya auna jininki.

Maganar ƙawarki tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Ƙwayar koko tana ɗauke da wasu sinadarai da ake kira filabanol, waɗanda ke taimaka wa jijiyoyin jini su saki, jini ya gudana cikin sauƙi. A shekarar 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa miligiram 200 na waɗannan sinadarai a rana yana taimakawa wajen kiyaye laushin jijiyoyin jini. Sai dai da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan koko da hawan jini a 2017, saukar da aka samu ba ta wuce kimanin maki biyu a ma'aunin jini ba, kuma gwaje-gwajen na ɗan gajeren lokaci ne. Wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna COSMOS, wanda ya ƙunshi tsofaffi sama da 21,000 aka fitar da sakamakonsa a 2022, bai nuna cewa sinadarin koko ya rage jimillar cututtukan zuciya da shanyewar ɓarin jiki ta hanyar da za a dogara da ita ba, ko da yake an ga alamar raguwar mace-macen da ciwon zuciya ke jawowa. Maki biyu abin so ne, amma mai hawan jini da ke buƙatar sauke maki goma ko ashirin ba zai same su a tafin hannu ba.

Kalmar “ɗanye” da ake rubutawa a jikin leda ita ce ta fi damuna, domin tana sa mutane su ɗauka cewa an tsinko ƙwayar ne daga bishiya aka ɓarza ta kai tsaye. Ba haka abin yake ba. Bayan an fasa ɗan itacen, ana tara ƙwayoyin tare da farin naman da ke lulluɓe da su, a rufe su na kwana biyar zuwa bakwai su yi tsami, kuma a cikin waɗannan kwanaki zafin tulin yakan kai digiri 45 zuwa 50 a ma'aunin Selshiyas. A nan ne ƙamshin koko yake samuwa, a nan ne kuma wani kaso na filabanol ɗin yake salwanta tun kafin a zo maganar gashi. Daga nan sai a shanya su a rana a fili na kwanaki, inda ƙura da tsuntsaye da hannayen mutane duk suke iya kaiwa gare su. Gashin da ake yi bayan haka yana rage filabanol, wannan gaskiya ne, amma shi ne kuma yake kashe ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Saboda haka a ganina wanda aka gasa sama-sama ya fi kwanciyar hankali, musamman ga mai juna biyu da yaro ƙarami da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Batun rage ƙiba kuwa ba shi da ƙarfi. Kusan rabin nauyin ƙwayar koko mai ne, giram 30 nata ya haura kalori 150, kuma cikin tafin hannun babban mutum yana iya kaiwa haka. Alherinta shi ne ba ta da sukarin da aka ƙara, tana da harza mai sa ƙoshi da sauƙaƙa bayan gida, ga kuma magnisiyam da sinadarin ƙarfe. Idan ta maye gurbin alewa ko cakulan mai zaƙi an ci riba, idan kuwa ƙari ce a kan abin da aka saba ci, to ƙiba ba za ta ragu ba.

Rashin barcin da kika ambata, ina kyautata zaton daga nan yake. Koko yana da kafeyin, sinadarin nan da ke cikin kofi da shayi, yana kuma da wani ɗan'uwansa mai suna tiyobiromin wanda ya fi kafeyin yawa a cikinsa, ya kuma fi shi daɗewa a jiki kafin ya fita. Dukansu suna wartsakar da mutum, kuma idan sun yi yawa suna iya sa bugun zuciya ya ƙaru. Rashin isasshen barci shi kansa yana ɗaga hawan jini, don haka abin da kike nema da cin kokon kina iya zubar da shi da hana idonki barci. Wannan tiyobiromin ɗin guba ne ga karnuka da kyanwoyi, sai a nisanta ledar daga inda suke.

Akwai wasu mutanen da ya kamata su yi taka-tsantsan ko da rana ne. Mai fama da tsakuwar ƙoda ya rage sosai domin koko yana da yawan sinadarin okzalet wanda ke taimaka wa tsakuwar haɗuwa, mai yawan ƙwannafi kuma yakan ga abin ya tsananta masa. Sannan bishiyar koko tana zuƙo wani ƙarfe mai cutar da jiki da ake kira kadmiyam daga ƙasa, musamman a wasu yankunan Kudancin Amurka, abin da ya sa Tarayyar Turai ta sanya iyaka ga yawansa a cikin cakulan da garin koko tun daga Janairun 2019. Jiki ba ya saurin fitar da wannan ƙarfe, shi ya sa ba na son a mayar da cin cikin tafin hannu al'adar kullum.

Shawarata gare ki ita ce ki koma cokali ɗaya, in ya yi yawa biyu, ki ci da safe ko kafin rana ta take, ki tauna a hankali domin yana da tauri. Ki gwada haka na mako biyu kina rubuta awon jininki da yadda barcinki yake, sannan ki tafi da takardar da ledar kokon wurin likitanki ranar da za ki koma asibiti.