Kyamarar VR mai 3D: amsoshin tambayoyinku, da faɗan da na jima ina son yi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon tambayoyin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya ne, wato kyamarar ɗaukar bidiyon VR, irin wanda in ka saka tabaraun nan a fuska za ka ji kamar kana tsaye a wajen da aka ɗauka. Na haɗa su wuri guda don kar in yi ta maimaita kaina. Masu tambayar yadda ake dawo da hoton da suka goge ku yi haƙuri sai wani makon, kuma dai na faɗa na sake faɗa, ku riƙa ajiye kwafi.

Tambaya: Malam ina da Tecno mai kyamara uku a baya, zan iya ɗaukar 3D da ita? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: A'a. Idanun nan uku kowa aikinsa daban, ba a yi su don su haɗu su ba ka 3D ba. Ka ci gaba da selfi ɗinka lafiya.

Tambaya: Oga na tara kuɗi na sayi Insta360 X4 saboda mai shagon ya ce min ita ce kyamarar VR kuma 8K ce, na ɗauki bidiyo na saka a tabaraun Quest na abokina, ina juyawa ina ganin ko'ina amma komai a shafe yake kamar an manna hoto a jikin bango, kuma bai fita tas ba. An sayar min da jabu ne? Daga wani matashi a Kaduna.

Amsa: Ba jabu ba ce ƙanena, kyamara ce mai kyau, kai ne dai ka je sayen akuya ka dawo da tunkiya kana mamakin me ya sa kukanta ya bambanta. Kuma ka zauna da kyau don a kan wannan tambayar zan huce, ta yi min yawa wallahi.

360 daban, 3D daban. Ku rubuta wannan ku liƙa a bango. 360 na nufin kyamarar ta ɗauki gaba da baya da sama da ƙasa, kana iya waiwayawa ka ga duk inda kake so. 3D kuwa na nufin idonka na dama da na hagu kowanne an ba shi hotonsa daban, shi ne ƙwaƙwalwa take haɗawa ta gane wannan yana kusa wancan yana nesa. Gwada yanzu, miƙa babban yatsanka gaban fuska ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan, za ka ga yatsan yana tsalle gefe da gefe. To wannan tsallen shi ne duk sirrin. Tsakanin idanun babban mutum akwai tazarar wajen milimita 63, kyamarar da za ta ba ka zurfi dole ta zama tana da ido biyu a jere suna kallon waje ɗaya da tazara kusan irin wannan.

Yanzu ɗauko X4 ɗinka ka duba. Ido biyu gare ta, gaskiya ne, amma ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma, sun ba juna baya kamar kishiyoyin da suka yi faɗa. Kowane abu a duniya ido ɗaya ne kawai ya gan shi, to daga ina zurfi zai fito? Haka X3 take, haka GoPro Max, haka Ricoh Theta, haka tsohuwar Gear 360 ta Samsung. Duk zagaye suke ɗauka amma a shafe. Mai shago ba lallai ma ya yi maka ƙarya da gangan ba, shi ma a jikin kwali ya ga VR ya karanta maka.

Wanda yake son 360 kuma 3D a lokaci guda sai ya koma wajen manya irin Insta360 Pro 2 mai ido shida a zagaye, wadda ta fito a kan kuɗi wajen dala 5,000, kuma bayan kuɗin akwai wahalar ɗinke hotunan shida a kwamfuta. Shi ya sa a 2017 Google suka fito da tsarin VR180, suka ce a bar bayan, a ɗauki rabin gaba kawai da ido biyu. Ni dai a wajena wannan shi ne mai hankali, don tsakani da Allah wa yake waiwayawa baya a bidiyo? Me zai gani, mai riƙe kyamara yana sosa ƙeya?

Sai maganar 8K da ta ruɗe ka, wannan ma tana ci min tuwo a ƙwarya. 8K a talabijin duk ɗigon hoton an tara su ne a ɗan allo a gabanka, a nan kuwa an shimfiɗa su a zagayen digiri 360, kai kuma ɗan yanki kake kallo a lokaci guda. Kamar miyar mutum biyu ce aka raba wa gidan biki. A VR180 ma lissafin haka yake, kyamara mai 5.7K faɗin hotonta 5760 ne, a raba wa ido biyu kowanne ya samu 2880, a shimfiɗa a digiri 180 ya zama ɗigo 16 a kowane digiri. Mai 8K za ta ba ka wajen 22 ko 23. Shi kuma Quest 3 yana iya nuna wajen 25, lafiyayyen idon mutum kuwa yana kai wa wajen 60. Ka ga kenan ko 8K ɗin ba ta cika tabaraun ba balle ido. Don haka duk wanda ya ce muku kyamarar VR mai 4K za ta fita tas kamar fim ɗin Indiya a babban allo, ku yi masa murmushi ku wuce.

X4 ɗinka kar ka yar, tana da amfani sosai wajen nuna gida ko shago ko fili ga mai saye, kuma kana iya yanko bidiyon TikTok daga ciki ta kowace kusurwa. 3D ce dai babu.

Tambaya: Na ga Insta360 EVO ta hannu ana sayarwa da sauƙi, wani kuma ya ce Vuze XR ko Lenovo Mirage, wacce zan ɗauka? Daga Damagaram.

Amsa: Cikin ukun EVO, in ka same ta da lafiya. Ta 2019 ce, tana naɗewa ta zama 360, ka buɗe ta idanun su jeru ta zama 180 mai 3D, 5.7K. Vuze XR ta 2018 ma haka take yi. Mirage bar ta, ta tsufa da yawa. Amma dukkansu an daina yin su, saboda haka kafin ka ba da ko sisi ka sauke manhajar a wayarka ka ga ta haɗu da kyamarar a gaban idonka, ka duba batir bai kumbura ba, ka haska idanun da tocila ka nemi ƙarzuwa. Ido ɗaya ya ƙarzu to an gama, don mai kallo zai ga tabo a ido ɗaya kawai kuma wannan ya fi komai sa ciwon kai. Da daddare kuma kar ka sa rai, sensa ɗinsu ƙanana ne.

Tambaya: Malam sana'ata ɗaukar bidiyon biki, ina da Canon, ina son in fara yi wa manyan kwastomomi na VR, har da Hawan Daushe nake so in ɗauka bana. Me zan saya? Daga wani mai hoto a Kano.

Amsa: Ba ka faɗi wace Canon ba, kuma nan ne gizo yake saƙar. Canon suna da ido mai tagwaye, RF 5.2mm Dual Fisheye da ya fito a 2021 a kan kusan dala 2,000, tazarar idanunsa milimita 60, yana ɗaukar digiri 190, an yi shi ne don kyamarori irin su EOS R5 masu 8K. Wannan shi ne mafi kyawun abin da mutum ɗaya zai iya riƙewa ba tare da ya sayar da fili ba. Akwai ƙaninsa na 2024, RF-S 3.9mm, wanda ake ɗaura wa kyamarar R7, kusan dala 1,100, shi digiri 144 yake ɗauka kuma 4K ɗin R7 ce ake raba wa ido biyu, ka koma ka karanta lissafin da na yi wa na Kaduna. In Canon ɗinka tsohuwar DSLR ce mai bakin ɗaura ido na EF, babu wanda zai hau.

Abin da ba a faɗa a talla shi ne sauran kashe kuɗin. Hoton yana fitowa ne da'ira biyu kuma a juye, na dama a hagu na hagu a dama, sai ka bi da shi ta manhajarsu EOS VR Utility ta gyara, ita kuma in bidiyo ya wuce minti biyu sai ka biya kuɗin wata. Ga memori CFexpress, ga kwamfutar da za ta iya jan 8K ba tare da ta yi ta kuka ba. Sannan R5 an san ta da ɗaukar zafi in tana 8K, to ka kawo ta Kano a watan Afrilu ka tsaya da ita a rana ka gani. In da hali R5 C mai fanka a ciki ta fi dacewa da mu. Idanun kuma a kumbure suke waje, lokacin hunturu ƙura za ta riƙa hawa, ka riƙe abin hura iska a aljihu kar ka goge da bakin riga.

Hawan Daushe kuma bari in sage maka gwiwa tun yanzu. Wannan idon ba ya zum, ko kaɗan. Zurfin 3D kuma a kusa yake aiki, daga kamar mita ɗaya zuwa huɗu ko biyar, abin da ya yi nisa sosai komawa yake a shafe kamar an ɗauka da ido ɗaya. In kana can bayan jama'a a Ƙofar Kudu, abin da za ka samu a 3D shi ne hulunan mutanen gabanka, dawakan kuma ƙanana can nesa. Gara ka je gidan mahayan da safe lokacin da ake ɗaura wa doki kaya ana naɗa rawani, ka kafa kyamara mita biyu daga wajen, wannan kam in mutum ya kalla sai ya miƙa hannu zai taɓa. A biki ma haka, wajen kamu ko zaman ango da amarya, ba filin rawa da kowa ke bangazar sitan ɗin ɗora kyamara ba.

Amma tambayar da nake so ka amsa kafin ka cire kuɗi: amaryar da me za ta kalla? Nawa ne cikin kwastomominka suke da tabarau a gida? Shawarata kullum ita ce a fara sayen tabarau kafin kyamara. Quest 3S ya fito a 2024 a kan dala 299, saya ka yi wata guda kana kallon VR180 na wasu a YouTube har ka gane mai kyau da marar kyau, sannan in za ka sayar da aikin ka saka tabaraun cikin kuɗin, ka miƙa musu da bidiyon a ciki. Masu tambayar kyamarar Blackmagic URSA Cine Immersive kuma, ta fito ne a kan wajen dala 30,000, mu bar ta wa masu ita.

Tambaya: Ni ba sana'a nake ba, yarana kawai nake son ɗauka in ajiye. An ce iPhone na yi. Daga wata uwa a Abuja.

Amsa: Hajiya ke kin huta. iPhone 15 Pro da Pro Max da kuma jerin 16 masu ido biyu zuwa sama suna ɗaukar abin da Apple ke kira spatial video, ki riƙe wayar a kwance, cikin haske sosai, yaran su zama kamar taku biyu ko uku daga gare ki. 1080p ne, minti ɗaya na cin wajen MB 130. Ki sani ba zagaye ba ne, kamar taga ce mai zurfi a gabanki, kuma da yake idanun wayar kusa suke da juna, wajen santimita biyu, zurfin ba ya kai na kyamarar gaske. Ba sai kin sayi tabaraun Apple Vision Pro da ya fito a kan dala 3,499 ba, Quest ma yana buɗe shi. In kina son wani abu daban da waya akwai QooCam EGO ta Kandao, tazarar idonta milimita 65 kuma tana zuwa da ɗan abin leƙawa da ake manna mata, yara na son shi.

Tambaya: Na tura wa yayana bidiyon 3D ta WhatsApp ya ce hoto biyu yake gani gefe da gefe.

Amsa: To me kake so ya gani a waya? Kuma WhatsApp ya riga ya matse shi ya zama kunu. Ɗora a YouTube a matsayin VR180 ko ka ba shi fayil ɗin a filasha.

Tambaya: Duk wanda na saka wa bidiyona sai ya ce jiri yake ji, wata ma har ta yi amai. Kyamarar ce ba ta da kyau? Daga Maraɗi.

Amsa: Kai ne. Na tabbata a hannu kake riƙewa kana yawo kana juya ta dama da hagu kamar mai ɗaukar ɗaurin aure. Idon mai kallo yana ce masa tafiya yake, jikinsa yana ce masa a zaune yake, sai ciki ya rikice. Kafa ta a sitan daidai tsayin idon mutum, ka tabbata ba ta karkata ba ko kaɗan don in ido ɗaya ya fi ɗaya tsayi ƙwaƙwalwa ce ke shan wahalar daidaitawa, ni har ɗan lebul irin na magina nake ɗorawa a kai ana min dariya. Kar kowa ya matso ƙasa da mita ɗaya, in kyamarar na da 60fps, wato hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, ka zaɓe shi, ka danna ka koma bayanta ka tsaya cak, kuma ka janye ƙafar sitan ɗin da takalminka don su ma suna fitowa a ƙasan hoton. Wadda ta yi aman kuma ka je ka ba ta haƙuri.